Kwamiti na ta zama, rijiya na nan yadda take

Tambaya: Ni ma'aikacin lafiya ne a wata ƙaramar hukuma a Zamfara. An haɗa mu kwamiti ɗaya da sashen ruwa da na muhalli saboda amai da gudawa. Wata shida muna zama, amma rijiyar da ke dab da masai ba a taɓa ta ba. Kowa sai ya ce ba huruminsa ba ne. Ina mafita?

Amsa: Malam, wannan magana ta taɓa ni, domin jiharku ta ɗanɗana kuɗar irin wannan jan ƙafa. Ka tuna gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara sama da 400. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna da maganin fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma yana rarrafe a tsakar gidan da aka daka dutsen zinariya mai ɗauke da dalmar. Sai an kankare ƙasar an zuba sabuwa, kuma wannan aikin masu muhalli ne. Haƙar ma'adinai kuwa hurumin gwamnatin tarayya ce. A garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka, yara sun yi ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin share garin.

Ka ga ke nan aikin wani yana jiran na wani. Abin da kwamitinku bai zauna ya fayyace ba ke nan, kuma a ganina nan gizo ke saƙa.

A zama na gaba ka nemi a ajiye dogon jawabi, a ɗauki rijiyar nan kaɗai. Wa zai auna ruwan? Wa zai zuba sinadarin kulorin? Wa zai rufe masan, da kuɗin wane sashe? A rubuta sunan mutum da rana a gaban kowane aiki, domin idan aka rubuta sunan sashe kawai, tulun ba mai ɗauka. Shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu, tunda shi ke da iko a kan sassan duka.

Kada ka riƙe ƙididdigar marasa lafiyarku a durowa. Duk mako ka miƙa wa masu ruwa jerin unguwannin da marasa lafiya suka fito. Ku kuma gayyaci mai unguwa ya riƙa zama da ku. Shi ne zai wuce ta bakin rijiyar kowace safiya, ya ga ko an zo ko ba a zo ba.