Filin Amsa Tambayoyi: Kashi Ukun Nan, Daga Ciniki Ne Ko Daga Riba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Aboabo, ina sayar da shinkafa, man girki, sukari da madara. Kowace shekara ina biyan kuɗin lasisin shago ga majalisar Asokore Mampong, kuma rasit ɗina yana hannuna. Yanzu kuma jami'an GRA sun zo sun ce in yi rajista in riƙa biyan kashi 3 cikin ɗari. Wannan ba biya biyu ba ne? Kuma daga ribata za a cire ko daga ina? Daga wata mai shago, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba biya biyu ba ne, domin aljihu biyu ne daban. Abin da kike bai wa majalisa kuɗin izinin buɗe shago ne a yankinta, kuma ko kin ci riba ko kin faɗi sai kin biya shi, kamar dai tikitin da masu tebur ke yanka a kasuwa. Na GRA, wato Hukumar Tara Haraji ta Gana, harajin kuɗin shiga ne na gwamnatin ƙasa, wanda dokar haraji ta 2015 ta tanada. Rajistar ba ta da wahala, domin tun 2021 lambar da ke jikin Ghana Card ɗinki, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ita ce lambar harajinki.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a nan ne ƙananan 'yan kasuwa da yawa suke tuntuɓe. Tsarin da GRA ta sauƙaƙa wa masu ƙananan sana'o'i ya kasu uku. Wanda cinikinsa na shekara bai wuce sidi 20,000 ba, akwai ƙayyadadden kuɗi da yake biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya haura haka har zuwa sidi 500,000, bisa iyakar da aka yi aiki da ita a 2025, shi ne mai biyan kashi 3, kuma ana lissafa shi ne a kan ciniki gaba ɗaya, wato duk kuɗin da ya shigo akwatin shago, uwar kuɗi da riba a haɗe. Na uku kuwa shi ne wanda ake cire kuɗin saro kaya, hayar shago, kuɗin mota da na dako, sannan a ɗora haraji a kan abin da ya saura.

Bari mu buga misali da ƙiyasi. A ce cinikinki na shekara sidi 300,000 ne, to kashi 3 ya kama sidi 9,000. Amma kowa ya san ribar buhun shinkafa da jarkar mai ba ta taka kara ta karya ba, yawan juyawa ne ke rufa asiri. Idan bayan an fitar da haya, wuta da ladan yaron shago ribarki ta tsaya a sidi 15,000, kin ga sidi 9,000 ya cinye fiye da rabinta, alhali da a kan ribar aka yi lissafi, bisa ma'aunin da ya fara aiki a 2024, inda sidi 5,880 na farko ba a taɓa shi, abin da za ki biya ba zai kai sidi 1,500 ba. Tela kuwa, wanda mafi yawan abin da yake karɓa ladan hannunsa ne, kashi 3 sauƙi ne a gare shi. Don haka a ganina tsarin ba na kowa da kowa ba ne, kuma mai kayan masarufi ya kamata ta yi lissafi kafin ta amince.

Sai dai jami'in haraji ba zai karɓi zancen baki ba. Na sha shiga shagunan Zango in tarar an rubuta bashin maƙwabta a bayan kwalin madara, kuɗin cefane kuma ana zara daga akwati ba tare da an rubuta ba, sannan a ɗebi mudu biyu na shinkafa a kai gida a ce ai kayanmu ne. Mai irin wannan shago ba shi da hujjar da zai nuna cewa ribarsa kaɗan ce, kuma shi kansa bai san nawa ba ce. Ki sayi littafi mai ƙwari, ki ware shafin dama ga abin da ya shigo, na hagu ga abin da ya fita, ki rubuta kowace yamma kafin ki ja ƙofa. Duk rasit ɗin da dila ya ba ki ki adana shi, domin doka ta ce a ajiye takardun kasuwanci shekara 6. Ki kuma raba layin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na shago da na gida, saboda idan kuɗin adashi da abin da ɗanki ya aiko daga waje suka cakuɗe da na ciniki, ke za ki sha wahalar bambance su ranar da aka tambaye ki. Da wannan littafi za ki je ofishin GRA mafi kusa ki nemi a duba rukunin da ya dace da ke. In za ki biya kuma, ki bi ta shafin intanet na gwamnati, ghana.gov.gh, ko banki, kada ki damƙa wa kowa kuɗi a hannu ba rasit.

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan gyaran waya a Adum, cinikina yana kai sidi 400,000 a shekara, kuma na yi rajistar VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, tuntuni. Na ji an ce yanzu irinmu an yafe mana. Haka ne? Daga wani ɗan kasuwa, Asawase.

Amsa: Alhaji, akwai ƙamshin gaskiya a abin da ka ji. Daga Janairun 2026 an ɗaga iyakar cinikin da ke wajabta wa mai sayar da kaya rajistar VAT daga sidi 200,000 zuwa sidi 750,000, an kuma soke harajin korona na kashi 1. Amma tunda sunanka yana cikin rajista, kada ka daina cika takardun wata-wata don ra'ayin kanka, domin tara za ta yi ta taruwa a kanka. Ka rubuta wa GRA ka nemi a cire ka, ka jira amsa a rubuce. Harajin kuɗin shiga kuwa yana nan bai tafi ko'ina ba.

Tambaya: An ce an soke E-Levy, wato harajin tura kuɗi ta waya, amma har yanzu ana cire mini kuɗi idan na tura wa dilana kuɗin kaya ta MoMo. Daga wani mai sayar da goro, Sabon Zango.

Amsa: An soke shi a watan Afrilun 2025, bayan ya fara da kashi 1.5 a 2022 aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023. Abin da ake cire maka yanzu ladan kamfanin waya ne, ba na gwamnati ba, kuma ya kamata ka riƙa shigar da shi a shafin kuɗin da ka kashe a kan sana'arka.