Amsar tambayarka kan USDT

Yarona, jiya a shago ka tambaye ni, tunda an ce kuɗaɗen intanet ɗin nan, USDT da USDC, kowace guda dalar Amurka ɗaya ce, in farashi ya sauka mi zai hana mu kwasa da arha mu maida ma kamfani a ba mu dala cikakka. Na ji daɗin tambayar wlh, don shi ne canjin da muke yi kullum da sefa da naira, kuma masu yin hakan su ke riƙe farashin ma.

To amma wa ke da ƙofar maidawa? Tether, kamfanin da ke fitar da USDT, ba ya karɓa hannunka sai ka kai dala 100,000 kuma sai sun tantance ka, ni da kai cikin kasuwa kawai za mu saida, ga wanda shi ma tsoro ya kama shi.

Manyan ma ana rufe musu ƙofa. Watan Maris 2023 bankin Silicon Valley ya faɗi ran Juma'a, kamfanin Circle mai USDC na da dala biliyan 3.3 a ciki, Asabar da Lahadi banki a kulle amma waya ba ta barci, mutane na ta zubar da USDC har ta kai wajen santi 87 maimakon dala ɗaya, sai da gwamnatin Amurka ta ce za ta biya masu ajiya sannan ta dawo. Wanda ya saya ya ci, ban musa ba. Wanda ya sayi TerraUSD, wata irinsu da ita ma aka ce dala ɗaya ce, a Mayu 2022 da wannan lissafin fa, har yau farashinta bai dawo dala ba.

Kai ma ka gani nan Yamai lokacin takunkumin CEDEAO a 2023, kuɗi na cikin asusu a rubuce, amma mutum ya wuni layi a ba shi ɗan abin da aka ƙayyade.

ETF ma, wato asusun da ke tara kaya irin su takardun bashi ana saida hannun jarinshi a kasuwa, haka take, hannun jarin na canja hannu kowane minti, kayan da ke bayanshi kuwa ba haka suke fita ba. Maris 2020 da korona, ETF ɗin da ke riƙe da takardun bashin kamfanoni sun sauka ƙasa da darajar kayansu, don manyan dillalan da ke da izinin maidawa sun san takardun za a miƙo musu, kuma ba mai saye ranar.

In za ka gwada, gwada da naka ɗan jikkunan, zan zauna da kai mu duba. Kuɗin amanar mutane da ke akwatinmu dai kar ka taɓa, mai shi na iya zuwa da safe ya ce yana so yanzu.