Tausar Shiyatsu ta Japan: Tambayoyinku, Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, na ga wata tausa ta mutanen Japan da ake yi da babban yatsa, babu mai babu murza. Mece ce ita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, sunanta shiyatsu, wato "danna da yatsa" a harshensu. Daga tsohuwar tausarsu mai suna anma ta tsiro. Wanda ya fi yaɗa ta shi ne Tokujiro Namikoshi, da ya buɗe makarantar koyar da ita a Tokyo a 1940, kuma a 1964 dokar Japan ta san da zamanta da sunanta. A can sai mutum ya yi karatun shekara uku, ya ci jarrabawar ƙasa, kafin a ba shi lasisi.

Ana kwanciya ne da tufafi marasa kauri a kan siririyar katifa a ƙasa. Mai tausa zai ɗora tsokar babban yatsansa, ba bakin farce ba, ya miƙe hannu, ya sauke nauyin jikinsa sannu a hankali, ya tsaya daƙiƙa uku zuwa biyar, ya saki, ya matsa gaba. Zama ɗaya yakan kai awa guda. Masu yin ta suna cewa wani ƙarfi mai suna "ki" yana gudana ta wasu hanyoyi a jiki, kuma suna duba mutum gaba ɗaya, barcinsa da cinsa da damuwarsa. Duban nan abu ne mai kyau. Hanyoyin kuwa, ilimin sassan jiki bai gan su ba. Abin da ke zahiri shi ne dannawar tana sassauta tsokar da ta ɗaure, mutum ya ji jikinsa ya saki.

Tambaya: Ina da hawan jini da ciwon suga. An ce mini tausar nan tana warkar da su. In ajiye ƙwayoyina? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: A'a Hajiya, kada ki ajiye ko ɗaya. Jini yana iya ɗan sauka bayan tausa saboda hutu, amma zai koma inda yake. Kuma idan sugan ya taɓa jijiyoyin ƙafarki har ba kya jin zafi sosai, kada a danna miki ƙafa da ƙarfi, don za a iya yi miki rauni ba ki sani ba.

Tambaya: Cikina wata biyu, tashin zuciya ya hana ni sakat. Akwai inda zan danna?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Buɗe tafin hannunki sama, ki jera yatsu uku daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu. Nan ƙasan yatsa na uku, tsakanin jijiyoyi biyu masu tauri, ki danna da babban yatsa minti biyu zuwa uku, sannan ɗaya hannun. Wasu matan yana rage musu, wasu ko gezau. Masu shiyatsu kansu suna kauce wa wurare uku ga mai ciki: tsakanin babban yatsa da manuni, saman kafaɗa, da yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki. Idan ko ruwa ba ya zama miki a ciki, ko fitsari ya ragu, asibiti za ki tafi ranar.

Tambaya: Mahaifiyata shekararta 72, bayanta na ciwo. Zan iya yi mata a gida?

Amsa: Allah Ya saka da alheri, amma a yi hattara. A wannan shekaru ƙashin mata yakan yi rauni, dannawa mai nauyi tana iya tsaga haƙarƙari. Ki danna tsokar da ke gefen ƙashin baya, kamar faɗin yatsu biyu daga tsakiya, ban da kan ƙashin, kuma lokacin da take fitar da numfashi. Da ta riƙe numfashi ko ta ɗaure jiki, ƙarfin ya yi yawa. Kada ki danna gefen wuya inda jijiyar jini ke bugawa, yana iya sa ta suma. Idan tana shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko sha-raɓarta ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a taɓa, domin gudan jini na iya ɓallewa ya tafi huhu. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, wannan sai likita ya duba ta tukuna.