Amsa ga Hajiya kan koya wa ƙungiya amfani da AI a Legas

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ƙungiyarku ta mata a Agege na son shirya bita kan ƙirƙirarriyar basira, wato AI, kina tambayar ta ina za a fara, kuma wa ya kamata a gayyato. Ni sakataren wata ƙungiyar 'yan gwari ne a Mile 12. Mun yi irin wannan zaman a wajenmu, na kuma taya wasu 'yan'uwa a Idi-Araba shirya nasu.

Kada ki fara da ɗauko matashi daga Yaba ya zo da majigi yana zuba Turanci. Za a tafa masa, a sha lemo, a watse, washegari kowa ya koma gidan jiya. Abin ai yana hannun mutanenki tuni. ChatGPT, manhajar AI da ake yi wa tambaya ta ba da amsa, ya fito tun Nuwamba 2022, irinsa Meta AI kuma ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, 'ya'yansu na taɓa shi kullum. Ki fara da aikin da ƙungiyar ke yi da ma: wasiƙar neman izini zuwa ƙaramar hukuma, sanarwar taro, rubuta abin da aka tattauna. Kowa ta fito da wayarta, a yi a gaban juna.

Darasin farko da ya fi shiga kan mutanenmu shi ne su ga na'urar ta yi ƙarya da idonsu. Ba sani take yi ba, kalma take jerawa bayan kalma bisa ɗimbin rubutun da aka ɗura mata, mafi yawansa kuma Turanci ne, Hausa kaɗan ce a ciki. Shi ya sa in ba ta da amsa sai ta ƙago, kuma ba ta ko inda-inda. A zamanmu wani dattijo ya ce a tambayi wata manhaja tarihin garinsu. Ta jero sunayen sarakuna tiryan-tiryan, shi kuwa yana girgiza kai, ya ce uku daga ciki bai taɓa jin su ba, alhali kakansa bafade ne. Dariyar da aka yi ranar ta fi duk wani jawabi da na shirya aiki. Daga nan muka yi ƙa'ida: aya, hadisi, hukuncin gado, adadin magani, sashen doka, ba a ɗauka daga gare ta sai malami, likita ko lauya ya duba. Wasiƙa kuwa ta tsara, amma wanda zai sa hannu shi zai karanta layi-layi, don shi za a kama in an samu matsala. In Yarbanci ta fassara muku, ku ba wa yaran da aka haifa a nan Agege su karanta kafin takardar ta fita.

Na biyu, kuma a nan nake son ki daɗe, shi ne abin da ba a ba ta. Na ga ma'aji ya ɗauki hoton littafin adashi sukutum, da sunaye da lambobin waya da bashin kowa, ya tura wai a haɗa masa lissafi. Bai yi da mugun nufi ba, amma sirrin mutane ya fita daga hannunsa zuwa kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi kan masu tattara bayanan mutane, akwai kuma hukumar NDPC da ke sa ido. Ko da babu doka, amana ce. A ƙungiyar mata abin ya fi tsanani, tunda akwai sunayen zawarawa da marayun da ake tallafa wa, da maganganun aure da ake kawowa sasanci. NIN, BVN, hoton yara, takardar asibiti, duk a bar su a jaka. In lissafi ake so, a cire sunaye a tura adadi kawai, sannan a sake bi da kalkuleta.

Sai batun murya da hoton bogi. Yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon da ya taɓa turawa. Muka ce duk saƙon murya da ya zo da neman kuɗi, ko da muryar shugaba ce, a kira shi ta lambar da aka sani tukuna. Mu da muka ga rikicin Mile 12 na Maris 2016, har aka rufe kasuwa, mun san yadda magana ke gudu a garin nan. Lokacin ma ba a iya ƙera bidiyon bogi da AI a waya ba. Mu baƙi ne cikin maƙwabta Yarbawa, bidiyo ɗaya na ƙarya da wata ta tura da sunan "a yaɗa saboda Allah" zai iya jawo abin da ba a zata ba. Ki koya musu bincika hoto da Google Lens, da leƙa shafin Dubawa, masu tantance labarai.

Maganar wanda zai koyar, ki nemi mace mai jin Hausa sosai, ko da malamar Islamiyya ce da ta iya waya, ta fi ƙwararren da sai an yi masa tafinta. Ki fara zama da shugaba da sakatariya da ma'aji su kaɗai, don manya ba sa son a ga gazawarsu a gaban yara. Waɗanda ba su yi boko ba a haɗa su da wadda za ta karanta musu. Ki ware kuɗin data a cikin kasafi, ki tanadi wurin caji, kin san halin wuta. Ranar Lahadi bayan la'asar ta fi, kuma zama gajere sau da yawa ya fi yini guda cur. In kun sa rana ki sanar a nan, zan turo miki takardar ƙa'idojin da muka liƙa a ofishinmu, ku gyara ta daidai da naku.