Gyara littafin intanet bayan ya fita: yaushe ya dace?

Malama, kin tambaya ko ya dace marubuci ya ci gaba da yi wa littafinsa na intanet kwaskwarima bayan ya sake shi. Ya danganta da irin gyaran.

Kuskuren rubutu, shafin da ya ɓace, ko haruffan ɓ, ɗ, ƙ da suka koma ƙananan akwatuna a wayar mai karatu, duk a gyara su. Matsalar haruffan nan yawanci daga salon haruffan (font) da aka zaɓa take. Ki ɗauki wanda ke ɗauke da su, ki cusa shi cikin fayil ɗin, ki gwada a waya biyu ko uku. Amma kada ki riƙa ɗora sabon fayil kan kuskure ɗaya. Tara su tukuna, ki gyara a lokaci guda.

A Amazon KDP, dandalin kamfanin Amazon da marubuta ke wallafa littattafansu da kansu, sabon fayil kan ɗauki har awa 72 kafin ya fito, kuma waɗanda suka riga suka saya ba sa samunsa kai tsaye sai kamfanin ya yarda kuskuren babba ne. In kuwa PDF kike sayarwa ta WhatsApp, tsohon ya riga ya bazu, ba mai iya janye shi. Don haka rubuta kwanan watan gyara a shafi na biyu, ki tura wa masu saye sabon kyauta.

Canza ƙarshen labari ko ƙara babi ya wuce gyara. Wannan bugu na biyu ne, a rubuta haka a bango, kuma a nemi sabuwar lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya) in littafin yana da ita.