Rawar gaban Land Cruiser da shokozoban sitiyari

Ka tambaye ni wai Land Cruiser ɗin da aka kawo jiya, wadda gabanta ke rawa in ta faɗa rami, wane shokozoban sitiyari, wato ƙarfen da ke shanye dukan hanya kada ya iso hannun direba, za ka sayo mata a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ajiye sifanar nan ka zauna, yaro. Wannan tambayar taka ita ce ta ci mini injin walda da kwastomomi huɗu a shekarar 2012, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani Alhaji ne mai ɗaukar kaya daga Kano zuwa Agadas ya kawo mini fikof Land Cruiser 79, irin waɗanda aka fara yi wa sifirin mai naɗi a gaba tun 1999. Ya ce da gudu ya haura sittin, in taya ta daki rami, sitiyari sai ya kama fizga hagu da dama kamar zai ƙwace daga hannu, ba ya dainawa sai an taka birki an kusa tsayawa. Na shiga ƙarƙashi da kaina. Boris ɗin kinfin na dama, wato mahaɗar da taya ke juyawa a kanta in an murɗa sitiyari, ya cinye, giris ya gauraye da man aksil yana tsiyaya a bayan taya baƙi ƙirin, ga bushin ɗin fanhad, wato sandar da ke riƙe aksil kada ya goce gefe, ya tsage har ina tura ɗan yatsa a ciki. Na yi masa lissafi, na ce aikin kwana biyu ne. Ya ce shi ba shi da kwana biyu, kaya na jiransa. Ya fita, bayan la'asar sai ga shi da shokozoban sitiyari sabo dal a kwali, wai wani ya ce masa shi ne maganin. Na ce Alhaji, wannan rufe ciwo zai yi, ba zai warkar ba. Ya ce in ɗaura kawai, in ya dawo a yi babban aikin. Na ji nauyinsa saboda furfurarsa, na ɗaura. Muka zaga da motar, shiru, ko motsi babu. Ya dube ni yana murmushi kamar ya kama ɓarawo.

Sati uku bayan nan, tsakanin Tanut da Aderbissinat, rawar ta dawo da kaya cike a baya. Boris ɗin ya watse, taya ta kwanta, mota ta sauka hanya ta kife gefe. Allah ya kiyaye rai, amma yaron motarsa ya karye a hannu. Ka san abin da Alhajin nan ya zo ya faɗa a gaban dattawan gareji? Wai ni na ce masa mota ta gyaru. Ya rantse. Ba ni da shaida ko ɗaya, domin yaran da ke wurin sun tafi cin abinci. Aka ce a yi sulhu, in biya rabin ɓarna. Na sayar da injin waldana, wanda na shekara biyu ina tara kuɗinsa. Abokan sana'arsa huɗu da ke kawo mini motoci suka janye, shi kuwa har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya miƙo mini hannu ko kunya babu. Tun ranar ban ƙara ɗaura wannan ƙarfen a motar da ban gyara ba, ko uban wa ya kawo ta.

To, ka buɗe kunne. Maganar iskar taya da notin wili da taɓon da ya bushe a cikin rim ba zan ɓata bakina a kai ba, mai faci ma ya san su. Abin da nake so ka rarrabe shi ne karkarwa da rawa. Karkarwar da ke zuwa a wani gudu ta wuce in ka ƙara wuta, wannan balansin ne. Rawar da rami ke tayarwa ta ƙi lafawa, akwai abin da ya saki a gaba, kuma sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Ka bar motar a ƙasa da nauyinta, ka sa wani yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, kai kuma ka kwanta ka ɗora tafin hannu a kan kowace gaɓa: kan tayarod mai haɗa tayoyin gaba biyu, da sandar da ta taso daga akwatin sitiyari, da bakin fanhad biyu. Hannu yana jin ƙwas ɗin da ido ba ya gani. Sannan ka ɗaga ta a jak, ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. In akwai wasa, ka ce a taka birki. Wasan ya ɓace, boris ɗin wili ne. Yana nan, kinfin ne, sai a kwance, a sa sabon boris, a daidaita siraran farantan da ke ƙarƙashin murfin kinfin har sai sikeli mai ƙugiya ya nuna nauyin da littafin motar ya faɗa. Ni da hannu nake ganewa, amma ni na shekara talatin da ɗoriya ina yi, kai ka nemi sikeli. In kuma mai motar ya ɗaga ta da dogon sifirin, to aksil ya juya, kwanciyar kinfin ta ragu, mota ba ta son miƙewa. Wannan sai an sa bushin mai gyara kwanciyar a hannuwan aksil.

Ku yaran yanzu ba ku son kwanciya a ƙasa. Kun fi son ku ga bidiyo a waya na minti ɗaya, ku sayo ƙarfe mai fenti, ku ɗaura, a biya ku kafin azahar. Shekara ɗaya da rabi yaro ya fara zancen a yaye shi. Mu sai da muka shekara biyu muna wanke boris da kananzir kafin a bar mu mu taɓa akwatin sitiyari.

In ka gama duk wannan, ka cire tsohon shokozoban sitiyarin gaba ɗaya, ka fita da motar hanya mai gargada a hankali. Motar da ta gyaru ba ta rawa ko babu shi. Aikinsa kawai ya shanye dukan dutse da rami kada ya iso wuyan hannun direba. Sai a lokacin za ka je kasuwa. Ka riƙe shi a hannu, ka ja ka tura: ƙarfinsa ya zama ɗaya a shiga da fita, babu wurin da ya yi sako-sako, babu jiƙewar mai a jikin sandar. Shi ya sa ba a ɗaura na taya a madadinsa, domin na taya ja da turinsa ba ɗaya ba ne. Ka auna tsawonsa, ka murɗe sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, kada ya ƙure kafin sitiyari ya ƙure, in ba haka ba zai fizge mariƙinsa. Mai gas da yawa da ke miƙewa da kansa yakan tura mota gefe ɗaya, ni ba na sonsa. Na Toyota gangariya ya ishi tayar kamfani. In tayoyin manya ne, a nemi Old Man Emu na Ostareliya ko Bilstein na Jamus, kuma ka dubi kwalin da kyau, jabu ya yi yawa. Masu ɗaura biyu a jere kuwa kuɗin mutane suke ci.

Tashi ka kira mai motar nan, ka ce masa sai jibi. In ya ce shi shokozoba kawai yake so, ka turo mini shi, kuma ku tsaya ku biyu ku ji abin da zan faɗa masa.