Amsa ga ɗiyata kan sassaƙar kalangun mahaifinta

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Ya karatu, ya zafin Yamai? Kin ce labari ya riske ki cewa mahaifinki ya ajiye sassaƙar turmi, ya koma fafe kalangu da haɗa gurmi da furfurarsa, har wata ƙawarki ta ce gidanku ya zama gidan maroƙa. Kina tambaya ko al'ada ta yarda da haka, ko kuwa abin zai taɓa ki ranar da aka zo neman aurenki. Ni ne wansa, tare muka koyi riƙon gizago a gaban kakanki, saboda haka ki kwantar da hankalinki ki ji.

A ƙasar Katsinar Maradi da Gobir ta Tsibiri, tun da muka buɗe ido, mai kiɗa daban, mai sassaƙa daban. Makaɗi ba ya ɗaukar gatari ya shiga daji. Masassaƙi ke sare icce, ya fafe shi, ya fidda kango, sannan makaɗi ya karɓa ya ɗaura fata ya ja tsarkiya yadda kunnensa ke so. Kakanki da kansa ya fafe gangar noma da aka daɗe ana kaɗawa a gayyar ƙauyenmu, kuma ba wanda ya taɓa kiransa maroƙi. Roƙo shi ne mutum ya tsaya gaban wani ya wasa shi, ya yi masa kirari, a ba shi. Wanda ya sayar da aikin hannunsa ciniki ya yi. Maƙerin da ya ƙera takobi ai ba shi ne ɗan yaƙi ba. Kuma ko da maroƙan ne, ban so ki koyi raina su a bakin ƙawaye. Su ke riƙe da sunayen kakanninmu, su ke sanar da biki da suna, kuma ba a naɗa sarki ba su.

Inda al'ada ta ja layi, zan faɗa miki. Kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba da ƴan bori. Waɗannan duk wanda hannunsa ya iya yana iya yi ya kai kasuwa. Amma tambari da kakaki kayan sarauta ne. Talaka ba ya wayar gari ya sassaƙa tambari don ransa ya so, sai fada ta aiko masa. Da na ji mahaifinki ya taɓa wannan, da ni zan fara zuwa in tsawata masa. Bai taɓa ba.

Abu na biyu kuma, ba a shiga gadon wani ta katanga. Wannan ne na sa wa ido, kuma ƙanena bai ba ni kunya ba. Fafe icce gadonsa ne, amma ɗaura fata gadon makaɗa ne. Sai ya sayi goro ya tafi wurin wani tsohon makaɗi can wajen Madarunfa, ya durƙusa ya ce ya zo neman sani. Mutumin da ya aurar da ɗiya, yana da jikoki, ya zauna ƙasa kamar yaron shago. Can ya koyi jiƙa fatar ɗan akuya da kankare gashinta ba tare da ya huda ta ba, ya koyi yadda ake matse ƙugun kalangu don tsarkiya ta samu wurin lanƙwasa a hammata, domin da wannan matsi ne kalangu ke ɗaga murya ya sauke har ya yi magana. In kangon ya yi kauri muryar ta dushe, in ya yi sirara ya tsage da zafin bazara. Fata kuwa ba mu da matsalarta, jar akuyar Maradi duniya ta san ingancin fatarta. Gurmi ya fi sauƙi a ido, ƴar ƙwarya ce da sanda da fata, amma in jakin da tsarkiya ke hawa bai zauna daidai ba, aikin banza ne.

Kin tambayi abin da ya kai shi yanzu da tsufa. Ki dubi gidajen garin nan. Injin niƙa ya rage daka, roba da kwano sun kori akushi. Turmi yana son gindin kirya babba, kirya kuwa ta yi wuya, kuma ba a sare ta sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Ga baya ya fara ciwo, ba ya iya juya gungume shi kaɗai kamar da. Kalangu guntun icce yake ci, a zaune ake aikinsa cikin inuwa. Ya gwammace haka da ya zauna jiran abin da yara za su aiko, kuma ni na yaba masa.

Shekaru ba su hana. Marigayi Malam Maman Barka ya riga ya yi suna da gurmi, ya haura shekara arba'in, sannan a 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi ya zauna gaban wani tsoho ya koyi biram, abin kiɗan ƙabilar Buduma da ya kusa ɓacewa. Da ya ce ya girma da koyo, da wataƙila abin ya bi tsohon kabari.

Na san a Maradin yau akwai masu kallon duk wani kayan kiɗa a matsayin saɓo, musamman goge da garaya saboda bori. Malamai sun saɓa a kan kiɗa, kuma ni ba malami ba ne da zan yanke hukunci. Mahaifinki ya tambayi limaminsu, ya kuma zaɓa wa kansa ba zai yi wa ƴan bori aiki ba. Masu sayensa makaɗan kokowa ne da na biki.

Maganar aure kuwa, in masu bincike sun zo, wurina za su fara biyowa. Zan ce musu jikar masassaƙa ce, ɗiyar masassaƙi, ba a bin ubanta bashi, sahun farko yake salla. Wanda wannan bai ishe shi ba, ban ba shi ke.

Ki kira shi a waya ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin yana gida. Kada ki nuna masa kin ji wata magana. Ki tambaye shi aikin kawai, zai ji daɗi. Innarki tana gaishe ki.